Yaron da Ba Zai Ji Wannan Jawabi Ba

Karatu: Markus 7:31-37

  

Wanda zan yi magana a kansa yau ba zai ji ni ba. Wataƙila yana zaune a tabarma ɗaya da ku, yana kallon fuskokinku, yana ganin kun yi shiru kun fuskanci wani ƙaramin akwati, bai kuwa san dalili ba. Ina nufin yaron da aka haifa kurma, ko wanda ciwo ya ɗauke masa ji, ko kuma wanda yake ji sama-sama. Tun da shi ba zai ji ba, ku ne za ku ji a madadinsa.

Ku buɗe Markus sura 7 daga aya 31, ku karanta da kanku a gida. Yesu yana ƙasar Dikafolis sai aka kawo masa wani kurma wanda maganarsa ba ta fita sosai, aka roƙe shi ya ɗora masa hannu. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi kafin ya warkar da shi. Ya fitar da shi daga cikin taro, suka koma gefe su biyu. Ya sa yatsunsa a kunnuwan mutumin. Ya tofa yau, ya taɓa harshensa. Ya ɗaga ido sama, ya yi ajiyar zuciya. Sai bayan wannan duka ya buɗe baki ya umarci kunnen ya buɗe.

Me ya sa duk wannan? Yesun da ya warkar da bawan jarumin soja daga nesa da kalma kawai, ai ba ya bukatar yatsa. Mutumin ne yake bukata. Duk abin da Ubangiji ya yi, abu ne da ido yake gani, jiki kuma yake ji. Kamar yana ce masa, ga kunnenka, ga harshenka, daga sama taimakon zai zo. Mutanen da suka kawo shi sun yi magana a kansa, amma Yesu ya yi magana da shi, ta ƙofar da take buɗe. A ganina wannan ne darasin da gidajenmu da makarantunmu suka fi bukata.

Na san wani zai ce, ai a Markus sura 9 aljani ne ya hana yaro ji da magana. Gaskiya ne, an rubuta haka game da wancan yaron, wanda kuma yake faɗuwa yana kumfa a baki. Amma a sura 7 babu maganar aljani ko kaɗan. A Yahaya sura 9 ma, da almajirai suka nemi sanin zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, Ubangiji ya wanke mutumin, ya wanke iyayensa. Saboda haka, baba, ka daina kallon matarka kamar daga danginta aka kawo abin. Mama, ki daina tuhumar kishiya ko tsohuwar da take maƙwabtaka da ke. Ku yi addu'a, ni ma mai addu'a ne, na kuma gaskata Allah yana warkarwa. Amma yawo da yaro daga wannan gidan addu'a zuwa wancan har shekara biyar, ana masa ihu a kunne, ana hana shi abinci da sunan azumi, wannan bai yi kama da abin da Yesu ya yi ba. Yesu daga cikin taro ya fitar da mutumin, mu kuwa tsakiyar taro muke kai yaranmu.

Yawancin abin da yake kashe kunnen yaro a ƙasarmu yana da suna a asibiti. Sanƙarau yana kan gaba. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna 1996, lokacin da ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuma da yawa sun tashi ba ji. Akwai ƙyanda, akwai hangum, akwai shawarar da take kama jariri a makon farko idanunsa su yi rawaya. Zazzaɓin Lassa yakan bar kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da matsalar ji. Akwai allurai masu ƙarfi, irin su jantamaisin, waɗanda in an yi wa yaro barkatai a kemis suna iya lalata kunne. Akwai kuma kunnen da yake zubar da mugunya wata da watanni, ana ɗiga masa manja ko ruwan ganye, ana soka masa gashin kaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji a yara abu ne da za a iya karewa. Don haka in an zo rigakafi, ku fito da yara.

To, amma wanda ya riga ya rasa jin fa? A nan nake so in daɗe.

Ku yi tunani a kan yaron gidanmu mai ji. Kafin ya shiga aji ɗaya yana da yaren uwarsa, ko Birom ne, ko Ngas, ko Jju, ko Tangale, ko Bachama. Ya tsinci Hausa a majami'a da kasuwa. Makaranta za ta ɗora masa Turanci a kan waɗannan biyu. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Yana goye a bayan uwarsa yana jin ana ciniki, ana faɗa, ana waƙa, ana tatsuniya, harshe yana shiga kamar yadda ruwan sama yake shiga ƙasa. Kurman yaro yana cikin gida mai harshe uku, shi kuwa ba shi da ko ɗaya. Fiye da tara cikin goma na kuramen yara, iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba. Sai a bar shi da nuni huɗu ko biyar: zo, tafi, ci, sha, bari. Da wannan ba zai iya tambaya me ya sa ba. Ba zai iya faɗin abin da ya tsorata shi jiya ba. Kaka ta mutu, ya ga ana kuka, ya ga an daina ganinta, ba wanda ya bayyana masa. In ya yi fushi ya jefar da kwano sai a ce kurame masu zafin zuciya ne. Kai ma da za a rufe ka shekara shida ba mai fahimtarka, da ka jefar da abin da ya fi kwano.

Masana sun tabbatar cewa shekarun farko, musamman uku zuwa biyar na fari, su ne lokacin da ƙwaƙwalwar yaro take kama harshe da sauƙi. Bayan nan ƙasar takan fara bushewa. Ana iya shuka, amma da wahala. Shi ya sa ƙa'idar da likitocin kunne suke bi ita ce a gwada jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Mu kuwa sai yaro ya shekara huɗu ana cewa nauyin baki ne, kawunsa ma bai yi magana da wuri ba.

Iyaye mata, ku kuke fara gani. Jariri mai ji yakan firgita in ƙofa ta buga. Wajen wata shida yakan juya ya nemi inda murya take. Kafin shekara yana ta ba-ba-ba da da-da-da, a shekara biyu yana haɗa kalma biyu. Kada gwarancin watannin farko ya ruɗe ki, kurman jariri ma yana yi, daga baya ne yake yin shiru. Ki tsaya a bayansa inda ba zai ga inuwarki ba, kada ki buga ƙafa a ƙasa domin zai ji motsin a jikinsa, ki kaɗa cokali a kwano. In kin yi sau da yawa bai juya ba, ki nemi likitan kunne. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai kuma a sauran manyan asibitocin tarayya. Ana gwada jariri da na'ura ko yana barci, ba zafi. Kuɗin motar ya fi sauƙi a kan shekara uku na jira.

Wasu sukan ce, kada a koya masa maganar hannu, zai yi ƙyuyar magana da baki, a bar shi ya koyi karanta leɓe. Ku gwada wani abu yanzu. Ka dubi wanda yake kusa da kai, ka ce baba ba tare da murya ba, sa'an nan ka ce mama. Leɓe iri ɗaya ne. Ka ce kuka na hawaye, ka ce kuka ta miya. Bambancinsu yana cikin hawa da saukar murya, ido kuwa ba ya ganin wannan. Yarukanmu na gida ma da hawa da saukar murya suke rarrabe kalmomi, wasu har sun fi Hausa. Yaron da bai taɓa jin harshe ba, yaya zai tsince shi daga leɓe? Bincike ya nuna maganar hannu ba ta hana yaro magana da baki. Wanda yake da sauran ji zai yi amfani da duka biyu. Wanda ba shi da shi kuwa ya sami harshen da zai yi tunani da shi, ya kuma koyi karatu a kansa.

Maganar hannu harshe ce cikakkiya, da ita ake wa'azi, da ita ake koyar da lissafi, da ita ake gardama. Kuramen Kano suna da tasu tun kaka da kakanni. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Nijeriya kuwa tushenta daga Amurka ne, labarin zuwanta kuma ya kamata kowane mai bi ya sani. Wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Andrew Foster, an haife shi a 1925, sanƙarau ya ɗauke masa ji yana shekara 11. Ciwon nan namu dai. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a Gallaudet, kwalejin kurame ta birnin Washinton. Ya so ya zo Afirka aikin bishara, ƙungiyoyin mishan suka ƙi ɗaukarsa saboda launin fatarsa, sai ya kafa tasa a 1956. Ya buɗe makarantar kurame a Akra ta ƙasar Gana a 1957, ya buɗe ta Ibadan a 1960, daga baya Inugu da Kaduna. Kafin ya rasu a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13. Da iyayensa sun ce tun da ya kurmance ya zauna a gida, da dubban yara ba su san ko harafi ɗaya ba.

Yau akwai makarantar kurame ta Jihar Filato a Bassa, akwai ta Kuje a Abuja, akwai makarantar ilimi na musamman a Kaduna, da Jada a Adamawa, da Tudun Maliki a Kano. Jami'ar Jos tana da sashen koyar da malaman irin waɗannan yara, haka ma kwalejin ilimi ta musamman ta tarayya da take Oyo. Makarantun ba su ishe mu ba, da yawa kuma suna fama da ƙarancin malamai da kaya. Duk da haka yaron da ba ya ji sam, in makarantar ƙauye ba ta da malamin da ya iya maganar hannu, zamansa a can zaman gadin benci ne. Zai kwafi abin da yake kan allo da kyakkyawan rubutu, shekara shida, bai san ma'anar ko layi ɗaya ba. Na ga littattafan irin waɗannan yara, tsaf-tsaf, iyaye suna nuna mini da murna, ni kuwa zuciyata tana ciwo. Ku kai shi inda zai sami harshe, ku kai shi da wuri. Kada ku jira ya kai shekara goma sha biyu a zaunar da shi aji ɗaya tare da ƙannensa.

Akwai kuma yaron da ba kurma ba ne gaba ɗaya, shi ne ma ya fi shan bulala. Yana jin ana magana amma kalmomin ba su fita, kamar rediyon da bai kama tasha daidai ba. Ƙananan sautuka irin su s da sh da f su ne suke fara ɓace masa. Yau ya amsa kira, gobe bai amsa ba, sai a ce kunnen ƙashi ne da shi, yana jin abin da ya ga dama. A aji yana can baya, ɗalibai cike maƙil, ruwan sama yana dukan kwano, malam ya juya baya yana rubutu yana magana da allo. In an yi shifta ya ci sifiri. Ƙarshen zango a rubuta masa daƙiƙi.

Wannan yaron zai iya karatu a makarantar garinku, abin da yake bukata kuma yawancinsa ba na kuɗi ba ne. Baba, ka sa rigarka ka je wurin hedimasta da malamin ajin da kanka, kada ka aika. Ka roƙa a zaunar da shi layin gaba, ɗan gefe kaɗan yadda zai ga malam ya kuma iya juyowa ya ga 'yan aji, kunnen da ya fi ji yana wajen malam. Malamai masu saurarona, ku yi haƙuri in faɗa muku naku. In za ka yi bayani ka juyo, ka gama rubutu tukuna. Kada ka tsaya taga tana bayanka, fuskarka za ta zama inuwa. Kada ka yi ihu, ihu yana karkatar da baki, ka yi magana a sarari kamar yadda ka saba. In wani ɗalibi ya yi tambaya daga baya ka maimaita ta. Aikin gida da ranar jarrabawa ka rubuta su a allo. Kada kuma ka tambaye shi ko ya gane, zai ɗaga kai ya ce i, domin ya daɗe da koyon cewa i tana raba shi da duka. Ka ce ya nuna maka, ko ya faɗa da bakinsa. Ka ba shi abokin zama mai haƙuri wanda zai nuna masa shafin da ake.

In likita ya rubuta na'urar ƙara ji, tana taimako ƙwarai, amma ku san halinta. Tana ƙara muryar malam, tana ƙara surutun aji ma. Tana cin batir, ba ta son ruwa, robar da take shiga kunne kuma sai an canja ta yayin da yaro yake girma. Kada ku saya a kasuwa ba gwaji, kamar wanda ya sayi tabarau bai auna ido ba.

In aka ce muku ba a karɓar irinsa, ku sani doka tana bayanku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare ya zama kyauta kuma dole ga kowane yaro. A watan Janairu 2019 shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su sami ma'aikacin da aka horar domin su. Tsakanin takarda da ƙauyenmu akwai tafiya mai nisa, na sani. Amma uba ɗaya in ya je ofishin sakataren ilimi za a ce ya dawo gobe. In Fasto da dattawa biyu da shugabar Zumuntar Mata suka raka shi, za a ba su kujera. Karin Magana 31:8 ta umarce mu mu buɗe baki domin wanda ba ya iya faɗin nasa.

Ikilisiya, mu ma da namu. Littafin Firistoci 19:14 ya hana zagin kurma, ya kuma haɗa hanin da tsoron Allah, domin kurman ba zai ji zagin ba, Allah ne zai ji. Yaron nan yana da sunan da aka raɗa masa, amma unguwa duka Bebe take kiransa, har a Makarantar Lahadi. A daina. Wasu kuma sun ɗauki Romawa 10:17, inda Bulus ya danganta bangaskiya da jin maganar Kristi, suka ce to kurma fa ba shi da rabo. Bulus yana maganar saƙon ya isa wurin mutum ne. In bai isa ba, laifin masu kaiwa ne. Muna tara kuɗi mu sayi jita da lasifika domin waɗanda suke ji su ƙara ji. Baiko ɗaya na Lahadi zai biya kuɗin mota da sabulu da katifar yaro ɗaya zuwa makarantar kwana. Wani baikon zai aika saurayi ko budurwa ɗaya daga cikin matasa su koyi maganar hannu, su dawo su tsaya gaba suna fassara. Ku nemi manyan kurame da suka yi makaranta, akwai masu aikin gwamnati, akwai teloli da kafintoci da malamai, ƙungiyar kurame ta ƙasa kuma tana da rassa a jihohi. Ku gayyato su gida. Uwar da ta ga kurma da matarsa da 'ya'yansa da sana'arsa, kukanta yakan ragu, yaron kuma zai ga yadda gobensa za ta iya zama.

In kun kai shi makarantar kwana, kada ku ajiye shi kamar kaya. Ku riƙa zuwa, har ranar da ba ta ziyara ba in an yarda. 'Ya mace musamman, mugaye sun san ba za ta iya kai ƙara ba, don haka ki koya mata alamun sassan jikinta, da alamar a'a, da yadda za ta nuna miki wanda ya taɓa ta. A garuruwan da ake gudun dare kuma, a sa mutum ɗaya a gida wanda aikinsa ne ya tashe shi, domin ba zai ji kururuwa ba.

Ranar da ya dawo hutu za ku ga abin mamaki. Hannuwansa suna ta gudu, yana da labari cike da ciki, ya san sunan kowane abu, a gidan kuwa ba mai amsa masa. Yara da yawa sukan ƙosa hutu ya ƙare saboda wannan. Ku mai da shi malaminku. Kowace yamma ya koya muku alama biyar, ruwa, gona, gobe, yi haƙuri, ina ƙaunarka. Ƙannensa za su riga ku kamawa, kada ku ji kunya, ku bi bayansu. In za a yi hira da dare a kunna fitila, a zauna a kewaye, domin a duhu ba ya ganin hannu ba ya ganin baki. In kuma an zo addu'ar iyali, kada ku tilasta masa rufe ido. Mai yin addu'ar ya tsaya inda haske yake, ya yi da baki da hannu iyakar abin da ya koya, ranar da yaron ya shirya kuma a ba shi ya yi tasa, ku kuwa ku buɗe ido ku kalla, ku ce amin.

Sai mako mai zuwa a wannan lokaci, in Ubangiji ya bar mu da rai.